Icce Tun Yana Ɗanye: Koya wa 'Ya'yanmu Riƙon Ƙasa

Kowane magidanci yana so ya bar wa 'ya'yansa gādo. Wani gona zai bari, wani gida, wani 'yan awaki. Amma akwai tambayoyin da ba mu cika yi wa kanmu ba. Gonar da za mu bari, wace irin gona ce? Mai ba da dami hamsin ce, ko kuwa wadda iska ta kwashe ƙasarta ta bar rairayi da tsakuwa? Su 'ya'yan kuma, mun koya musu yadda za su riƙe abin da muka bar musu?

Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Sun ga shanu suna faɗuwa a kan hanya, sun ga rijiyoyi sun ƙafe, sun ga mutane sun bar garuruwansu. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba a tsakiyar shekarun 1980. Saboda irin wannan ne ƙasashen Afirka suka amince a 2007 za su yi wata babbar ganuwa ta itatuwa daga Senegal har Jibuti, jihohi 11 na arewacin Nijeriya kuwa suna cikin shirin. Aikin hukuma yana da kyau. Amma hukuma ba za ta zo ta ba itacen ƙofar gidanmu ruwa ba, ba kuwa za ta riƙe hannun yaron da ya ɗauki gatari ba. Wannan aikin gida ne, na uwa da uba.

To, ta yaya za mu yi shi? Akwai wani abu da ya faru a ƙasar Maradi, a Jamhuriyar Nijar, wanda ya ishe mu darasi.

Abin da ya faru a Maradi

A 1981 wani malamin gona mutumin Ostiraliya, mai suna Tony Rinaudo, ya zo aiki a Nijar ƙarƙashin mishan ta SIM. Ya tarar da gonakin yankin Maradi sun zama fili fetal. Al'adar da ta kafu a lokacin ita ce, manomin kirki shi ne mai share gonarsa ƙal kafin damina, ya sare kowane toho, ya tara ya ƙone. Aka yi ta renon dashe ana rarraba wa ƙauyuka, amma yawancinsa mutuwa yake yi. Wani rana ta ƙona shi, wani awaki suka cinye, wani gara ta gama da shi, wani kuwa ba wanda ya kula da shi tun ranar da aka dasa.

A 1983 ya lura da wani abu wanda kowa yake gani kullum amma ba a ɗauke shi a bakin kome ba. 'Yan tsire-tsiren nan da suke fitowa a gonaki kowace shekara ana sarewa, ashe ba ciyayi ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare tun dā ne, irin su kalgo da sabara da gawo. Saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun yi zurfi, sun kai inda laima take. Abin da suke bukata kawai shi ne a daina sare su, a rage musu rassa, a bar masu ƙarfi su tashi. Wannan dabara ita ce manoman yankin suke kira sassabin zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki: wanda ya bar itatuwa a gonarsa, a ba shi hatsi. Mutane da yawa suka bari. Amma da aka daina rabon, sai yawancin itatuwan suka sha gatari. Waɗanda suka daure suka bar nasu kuwa, ba a daɗe ba suka fara ganin bambanci. Iska ta daina binne musu shuka, ganye ya zama taki, matansu suka sami itacen girki a gona, dabbobi suka sami abin ci da rani. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani abin da ya taimaka. A dā doka ta ɗauki itatuwan daji a matsayin kayan hukuma, har manomi yana iya biyan tara in ya sari itacen da ke cikin gonarsa. Mutum kuwa ba ya wahalar renon abin da ba zai mora ba. Da ma'aikatan daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, sai aikin ya yaɗu kamar wutar daji. Masu bincike da suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000 sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maradi da Damagaram. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A wurare da yawa manoma da kansu suka koma ga wannan hanya, gama kakanninsu sun san ta. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo, wani manomin Burkina Faso wanda ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa 'yan ramuka a fako ana zuba taki domin su tare ruwa.

Darussa uku ga iyaye

Na fari, abin da ya sāke a Maradi shi ne halin mai riƙe da gatari. Ƙasar ita ce ta dā, ruwan sama kuma bai zama na kudu ba. Hali kuwa a gida ake samunsa. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana ƙona kowane kututture, shi ma haka zai yi, ko da malamin makaranta ya faɗa masa amfanin itace sau ɗari. Mu da muke koyarwa mun sani, yaro yana iya haddace amfanin itace guda goma ya ci jarrabawa, ya fito ya karya dashen da ke bakin aji ya yi bulala da shi. Abin da ido ya saba gani a gida ya fi abin da kunne ya ji a aji ƙarfi.

Na biyu, halin da aka saya da lada ba ya daɗewa. Ran da hatsin rabo ya ƙare, ran nan gatari ya dawo. In muka ce wa yaro, “Ba itacen nan ruwa in ba ka alewa,” to, ran da babu alewa babu ruwa. Gara yaro ya ɗanɗana amfanin aikin kansa, watau ya ci 'ya'yan itacen, ya zauna a inuwarsa.

Na uku, mutum yakan kiyaye abin da yake nasa. Wannan gaskiya ce ga manomi, gaskiya ce kuma ga ɗan shekara shida.

Kowane yaro da itacensa

Saboda haka shawararmu ta fari ita ce, kowane yaro a gida, mace da namiji, a ba shi itace nasa na kansa. A kira shi da sunansa: wannan na wane ne, wancan na wance ne. Ga ƙananan yara a zaɓi mai saurin girma, domin haƙurin yaro gajere ne. Zogale yakan ba da ganye cikin 'yan watanni, gwanda kuma takan yi 'ya'ya wajen shekara guda. Waɗanda suka ɗan tasa a ba su mangwaro ko gwaiba ko lemo. Darbejiya, wadda waɗansu suke kira dogon yaro, tana jure fari, ga ta da inuwa, sai dai kada a dasa ta kusa da bango.

A yi dashen sa'ad da damina ta kankama. Yaron da kansa zai haƙa ramin, zurfin kamu ɗaya, ya gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. A nuna masa yadda zai yage ledar da dashen ya zo a ciki ba tare da ya wargaza ƙasar saiwar ba. Sa'an nan ya kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Dasawa aikin yini ɗaya ne. Babban aikin shi ne ranin farko, daga Nuwamba har ruwa ya sauka, gama a nan ne yawancin dashe yake mutuwa.

Mu iyaye kuma akwai namu alkawari. Kada mu sare itacen yaro ko mu yi kyauta da 'ya'yansa ba mu tambaye shi ba. In uwa tana son zogale, ta ce, “Wance, zan tsinki ganyenki in yi mana kwaɗo.” In an sayar da gwandar, a saya masa littafin rubutu da fensir da kuɗin, ya sani daga itacensa suka fito. In kuwa dashen ya mutu, kada a yi masa faɗa. A zauna da shi a bincika dalili: gara ce, ko akuya, ko ƙishi? Sa'an nan a sāke dasa wani.

A gona

Lokacin sharar gona, mu tafi da yaran da suka isa riƙe adda, mu koya musu sassabin zamani. Ga yadda ake yi. A zaɓi kututturen da ake so a raya. Cikin rassan da suka toho, a bar masu ƙarfi da suka miƙe, kada su wuce biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa na gefe har zuwa rabin tsawonsu. Adda ta kasance da kaifi, a riƙa yin saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni a komo a sāke ragewa. Wani yakan ɗaura tsumma a jikin itacen domin mai wucewa ya san da mai shi.

Muna aikin muna faɗa musu sunayen itatuwa da amfaninsu. Yara da yawa yau sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila, amma ba su iya bambanta kalgo da sabara ba. Abin da mutum bai san sunansa ba kuwa, ba ya jin zafin rasa shi. Mu nuna musu gawo, mu tambaye su abin da ya bambanta shi da sauran itatuwa. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa yana zuba daidai lokacin da shuka take son taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Yaro ya dubi geron da ke gindin gawo, ya dubi na nesa da shi, ya faɗi abin da ya gani. Haka kuma ɗorawa mai ba mu kalwa ta daddawa, da kaɗanya mai ba mu man kaɗe, da kuka mai ba mu miya, da tsamiya, da aduwa, da magarya.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu hana samarinmu, watau cinna wa daji wuta da hunturu domin farautar gafiya da zomo. Saboda naman da bai cika tukunya ba, sai a ƙone ciyawar dabbobi, a kashe tohon itatuwa, a bar ƙasa tsirara iska ta yi ta ɗiba. Wani lokaci ma wutar takan kai ga amfanin gonar da ba a kwashe ba.

A madafa

Wata uwa za ta ce, “Malam, duk mun ji. Amma da me za mu dafa tuwo? Gas ya yi tsada, kananzir ma haka.” Gaskiyarki ne, ba kuwa wanda zai ce iyali su kwana da yunwa domin itace ya rayu. Amma manoman Maradi ba su daina girki ba. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen wuta, itacen kuma yana nan tsaye. Bambancin mai sare reshe da mai sare gindi shi ne bambancin mai tatsar saniya da mai yanka ta.

Sa'an nan akwai hanyoyin rage cin itace waɗanda yara za su koya a gindin murhu. Murhun duwatsu uku a fili yana zubar da yawancin zafin wutar a iska. In aka gina masa bango da yumɓu, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace, zafin yakan taru a gindin tukunya. A riƙa rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun da dare. A shanya itace ya bushe sarai kafin a sa shi a wuta. A shirya kayan miya duka kafin a hura wutar. In an sauke, a zare sauran itacen a kashe, kada a bar shi ya cinye a banza. 'Yan maza ma su koyi wannan, gama ba mata kaɗai suke cin tuwo ba.

Wannan ya shafi lafiya kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara ƙanana fiye da 200,000. Saboda haka madafa ta kasance da taga ko mafitar hayaƙi, kada kuma a zauna da jariri a goye cikin hayaƙi.

Ruwa

Yaron da ya taɓa ɗauko ruwa daga nesa ya san nauyinsa. Na birni mai buɗe famfo shi ne sai an koya masa. A saba masa da rufe famfo sosai, da yin wanka da bokiti ɗaya. A ajiye wani tsohon bokiti kusa da madafa domin ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, da yamma kowane yaro ya ɗiba ya kai wa itacensa. Ruwan da ya sha sabulu da yawa kada a zuba wa ƙaramin dashe.

Ga wani lissafi da za ku yi da 'yan firamare. In ruwan sama na milimita 1 ya sauka a kan murabba'in mita 1, an sami lita 1. To, rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 murabba'in mita 50 ke nan. In aka yi ruwa na milimita 20 a dare ɗaya, lita 1,000 ta sauka a kan rufin, watau duro 5 masu cin lita 200, ko jarka 40 masu cin lita 25. Ku bar yaro ya yi lissafin da kansa, sa'an nan ku tambaye shi ina ruwan nan yake tafiya. Shi da kansa zai nemi a sa indararo da duro. Sai dai a rufe duron sosai, don kada ya zama gidan sauro, don kuma kada ƙaramin yaro ya faɗa ciki.

Leda da shara

Iyayenmu da kwando da ƙwarya suke zuwa kasuwa, a ganye ake ƙunsa musu abin da suka saya. In sun yar, ƙasa ta cinye. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni a kan jakuna suna kaiwa gona, domin taki ce. Yau sharar ta cakuɗe da leda, leda kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana toshe magudanar ruwa, unguwa ta yi ambaliya, sauro ya sami wurin ƙwai. Awaki da shanu suna haɗiye ta, ta cunkushe a tumbinsu, dabba ta yi ta rama har ta mutu. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa. In an ƙone ta kuma, hayaƙinta yana cutar da huhu. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar sayayya a 2008, Kenya ma ta hana a 2017.

Mu ba sai mun jira doka ba. In za mu aiki yaro sayen mai ko ƙosai, mu ba shi kwalba ko kwano mai murfi. A ɗinka jaka da tsohon zane domin cefane. Yaro ya tafi makaranta da gorar ruwansa. In ya sha ruwan leda, ya riƙe ledar har ya sami inda ake zubarwa. A gida kuma a raba shara kashi biyu. Abin da yake ruɓewa, kamar ɓawo da toka da ganye da kashin dabbobi, a zuba a ramin taki a bayan gida, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Bayan 'yan watanni yaro zai ga sharar ta zama baƙar ƙasa mai kyau, ya kai wa itacensa. Wanda yake gidan haya ba shi da fili, ya cika tsohon buhu da wannan ƙasa, yara su shuka alayyafo ko tumatir.

Kada mu tsorata su

Abu na ƙarshe, mu yi hankali da yadda muke magana. In kullum labarin hamada da yunwa muke ba yara, za su karaya, su ce abin ya fi ƙarfinsu. Kada kuma mu mai da aikin ya zama horo, yaro ya yi laifi a ce ya je ya ba itatuwa ruwa. Aiki kaɗan, daidai ƙarfinsa, kowace rana, tare da mu. Da rarrafe yaro kan tashi. In suka gan mu mun yar da leda a hanya suka yi mana magana, mu sunkuya mu ɗauka, kada mu ce yaro ya yi rashin kunya. Alama ce koyarwar ta kama.

Ya ku iyaye, ga abin da za mu iya yi a wannan wata. Mu zaga gida da gona tare da yara, mu ƙirga itatuwan da muke da su, har da kututturan da suke toho. Babban cikinsu ya rubuta sunayen a littafi, da yawan kowane iri. Kakanni su faɗa musu waɗanda suke nan dā, yanzu babu. Kowane yaro ya zaɓi nasa. Baɗi war haka a sāke ƙirgawa, a gani ko mun ƙaru ko mun ragu. Yaron da yake da shekara takwas yau, nan da shekara ashirin shi ne mai gonar, gatarin kuma yana hannunsa. Allah ya ba mu ikon koya masa tun yanzu.